Tambaya da Amsa: Lambobin Yabon Hafsan Soja Bayahude da Ya Mutu a Fagen Daga

Wasiƙun wannan wata sun taru ne a kan tara lambobin yabo na soja, musamman na hafsoshi Yahudawa da aka kashe a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Na ga wani kundin gwanjo na Landan da aka sa kayan wani laftana Bayahude da aka kashe a 1917: lambobi uku, wani faifan tagulla da takarda. Kuɗin da aka yi musu ƙiyasi ya ninka na sauran sojoji sau da yawa. Mene ne waɗannan kaya, kuma me ya sa suka yi tsada haka? (Wani malamin tarihi, Zariya)

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani shi ne cikakken kayan da gwamnatin Birtaniya ta aika wa iyalan mamaci bayan yaƙin, kuma kowane ɗaya yana da abin da yake shaidawa.

Na farko tauraro ne na tagulla, iri biyu. Tauraron 1914 na waɗanda suka yi aiki a Faransa ko Beljiyam ne tsakanin 5 ga Agusta da 22 ga Nuwamba 1914, kuma an ba da kimanin 378,000 kawai. Tauraron 1914-15 na waɗanda suka shiga kowane fagen yaƙi ne kafin ƙarshen Disamba 1915, shi kuwa ya haura miliyan 2. Ba a ba mutum ɗaya duka biyun. Na biyu ita ce British War Medal, ta azurfa, faɗinta milimita 36, da kan Sarki George na Biyar a gaba, a baya kuma mahayin doki yana tattake garkuwa mai hoton gaggafar Jamus. An buga kimanin miliyan 6.5. Ta uku ita ce Victory Medal, tagulla ce da aka yi wa ruwan zinariya-zinariya, ƙyallenta mai launin bakan gizo. Idan ka ga ɗan ganyen tagulla a kan wannan ƙyalle, alama ce an ambaci mai ita da yabo a rahoton babban kwamanda.

Ga ƙa'idar da za ta yi maka amfani a kasuwa. Duk wanda ya sami tauraro, dole ya sami sauran biyun. Victory Medal ba ta zuwa ita kaɗai. British War Medal ce kawai za a iya ba mutum tilo, misali wanda ya yi aiki a Indiya bai shiga fagen daga ba. Saboda haka in aka kawo maka tauraro da Victory Medal babu ta azurfar, ka san kayan sun rabu. Wannan giɓi ya yi yawa a kasuwa domin a 1979 da 1980, lokacin da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo, an narkar da ɗimbin waɗannan lambobi don ƙarfensu kawai.

Faifan tagullar shi ne abin tunawa da mamaci, za mu yi bayaninsa a ƙasa. Takardar kuma ita ce ta girmamawa, mai tambarin sarauta a sama da sunan mamaci da muƙaminsa da rajimantinsa an rubuta da hannu a ƙasa. Takan zo tare da 'yar gajeriyar wasiƙar ta'aziyya daga fadar Buckingham.

Batun tsada kuwa, ƙarfen ba shi da wata daraja, tunda miliyoyi aka buga. Sunan da ke jiki ake saye. Hafsoshi sun fi ƙananan sojoji ƙaranci, waɗanda aka kashe sun fi waɗanda suka dawo ƙaranci, sannan hafsoshi Yahudawa da suka mutu a rundunonin Birtaniya 'yan ɗaruruwa ne kacal. Ga kuma masu nema kashi uku suna ja: masu tara kayan rajimanti ɗaya, masu tara kayan yaƙi ɗaya kamar na Somme, da gidajen tarihi da iyalai na Yahudawa. In ka tashi yin tayi, ka tuna gidajen gwanjo irin su Noonans da Spink suna ɗora wa mai saye la'ada da takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye, ban da haraji da kuɗin aikowa.

Ta yaya zan tabbatar mai lambar Bayahude ne da gaske, kuma a yaƙi aka kashe shi? Dillalin ya ce sunan kawai ya isa shaida. (Wani ɗalibi da ke karatu a Manchester)

Ɗan'uwa, dillalin nan cinikin biri a sama yake so ka yi. Suna ba ya isa, ta kowane ɓangare. Akwai Kiristocin Wales masu suna Samuel da Isaac, akwai Turawan Ingila masu suna Jacobs da Myers da ba su haɗa komai da Yahudanci ba. Akwai kuma Yahudawa da yawa da suka canza suna zuwa na Ingilishi kafin su shiga soja, musamman waɗanda sunansu ke da amon Jamusanci, domin a 1914 da 1915 irin wannan suna yakan jawo wa mutum jifa a titi. Bincike ne kawai ke raba gardama, kuma ga tsarin da muke ba da shawara.

Ka fara da abin da ke jikin ƙarfen. A bayan tauraro za ka ga muƙami, suna da gajeren sunan rajimanti. A gefen sauran biyun, in na hafsan sojan ƙasa ne, muƙami da suna kawai ake bugawa, babu lambar soja, babu rajimanti. Wannan yakan rikita sababbin shiga, su ɗauka an goge wani abu. Ba a goge komai ba, haka aka ba da su. Sai dai hakan na nufin in babu tauraro a cikin kayan, “2. LIEUT.”, wato ƙaramin laftana, da suna mai farin jini suna iya dacewa da mutum biyar.

Daga nan ka nemi katin lambobinsa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Birtaniya da ke Kew a Landan, jerin WO 372, da rajistar da katin ke nunawa, WO 329. Katin zai faɗi lambobin da ya cancanta, sau da yawa da ranar da ya sauka a fagen yaƙi, da alamar an kashe shi. Ka nemi hoton bayan katin ma, kada ka tsaya a gaba, domin a katunan hafsoshi a nan akan rubuta adireshin wanda aka aika wa lambobin, uba ko matar mamaci. Adireshin nan ne zai haɗa ka da ƙidayar jama'a ta 1911 da takardun gado.

Fayil ɗinsa na aiki yana cikin WO 339 ko WO 374. Asalin manyan fayilolin sun ƙone a ruwan bama-baman 1940, abin da ya rage ƙarin takardu ne, amma na waɗanda suka mutu sukan ƙunshi kwafin wayar tangaraho da aka buga wa iyali, jerin kayan da aka samu a jikinsa, wani lokaci da bayanin sojojin da suka ga faɗuwarsa. Naɗinsa da ƙarin girmansa suna cikin jaridar gwamnati, London Gazette. Littafin yau da kullum na bataliyarsa yana cikin WO 95, kuma a nan hafsa ya fi ƙaramin soja sa'a, domin akan ambaci hafsan da ya mutu da suna, ƙananan sojoji kuwa adadi kawai ake rubutawa. Idan hafsan sojan Indiya ne, takardunsa suna British Library, cikin kundin tsohon ofishin Indiya.

Sai batun addini. Babbar madogara ita ce British Jewry Book of Honour na 1922, wanda Michael Adler, babban limamin Yahudawa na sojan Birtaniya, ya tsara. Ya tattara sunayen kimanin mutum 50,000 da suka yi aiki, da sama da 2,000 da suka mutu, da hotunan da yawa daga cikinsu. Littafin yana da kurakurai, ya tsallake wasu, ya kuma shigar da wasu bisa kuskure, don haka a haɗa shi da sanarwar mutuwa a jaridar Jewish Chronicle, wadda take fitowa tun 1841, da allunan tunawa na majami'un Yahudawa.

Kabari ma shaida ne. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wadda aka kafa a 1917, tana sa wa kowa dutse iri ɗaya, hafsa da farabiti, tsawonsa santimita 76. A na Bayahude akan sassaƙa tauraron Dauda mai tsini shida a madadin gicciye, sau da yawa da haruffan Ibrananci biyar, taƙaitawar addu'ar a ɗaure ransa cikin ƙullin rai. Amma ka kula da wurare biyu da wannan shaida ke gazawa. Wanda ba a ga gawarsa ba, sunansa kawai ke jikin bangon tunawa a Thiepval da ke Faransa ko Ƙofar Menin da ke Ypres a Beljiyam, babu alamar addini ko kaɗan. Wasu kuma an binne su ƙarƙashin gicciye saboda sun ɓoye addininsu a takardar shiga soja, har yau ana gyara irin waɗannan duwatsu idan iyali ko ƙungiyar tsofaffin sojoji Yahudawa, AJEX, suka kawo hujja. A ra'ayinmu, kada ka biya ƙarin kuɗi don an ce Bayahude ne sai ka sami shaidu biyu da ba su kwafi juna ba.

Wane ne Frank de Pass da ake yawan ambata, kuma ana samun lambobinsa a kasuwa? (Wani tsohon soja, Kaduna)

Ranka ya daɗe, Laftana Frank Alexander de Pass ɗan Landan ne, an haife shi a 1887 cikin tsohon gidan Yahudawa masu asali da Sifen da Fotugal. Ya yi makarantar Rugby, ya zama hafsa a rundunar mahaya ta Indiya mai suna 34th Poona Horse, wadda aka kai Faransa a ƙarshen 1914. Ranar 24 ga Nuwamba 1914, kusa da Festubert, ya kutsa cikin wani ramin da Jamusawa suka haƙo zuwa layinsu, ya rusa shingen da ke ciki ana jifansa da gurneti, sannan ya fita fili cikin ruwan harsashi ya ɗauko wani sojan Indiya da ya ji rauni. Washegari, 25 ga wata, aka harbe shi a wannan ramin, yana da shekara 27. An ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, bayan rasuwarsa, shi ne Bayahude na farko da ya same ta. Kabarinsa yana makabartar garin Béthune.

Lambar tana gidan tarihin soja na ƙasa da ke Chelsea a Landan, ba ta sayarwa ba ce. Duk wanda ya tallata maka ita, kwaikwayo ne. Yahudawa biyar aka saba lissafawa da suka sami wannan lamba a yaƙin: de Pass, Issy Smith, Leonard Keysor, Jack White da Robert Gee, kuma shi kaɗai ne ya mutu a fagen daga. Mai ƙaramin ƙarfi da ke sha'awar wannan fanni ya fi dacewa ya nemi ƙananan hafsoshin da ba su yi suna ba, ko sojojin bataliyoyin Yahudawa na Royal Fusiliers, ta 38 da ta 39 da ta 40, waɗanda aka tura Masar da Falasɗinu a 1918.

Ina jin ana cewa akan goge suna a buga wani. Yaya ake gane wannan? (Wani ɗan kasuwar kayan tarihi, Kano)

Alhaji, wannan ita ce babbar cutar sana'ar. Mai ha'inci yakan sayi lambar farabiti da araha, ya kankare gefenta da magagari, ya buga sunan hafsan da aka kashe. Lambar ta gaske ce, sunan ne na ƙarya, shi ya sa gwajin ƙarfe ba ya kama shi. Kayan aikin da kake bukata uku ne: madubin ƙara girma mai ninki 10, ma'aunin kauri irin na makanikai mai karanta kashi ɗaya cikin goma na milimita, da lamba guda ta gaske mai araha da za ka riƙa kwatantawa da ita.

Ka auna faɗin lambar a wuri uku ko huɗu. Ta gaske milimita 36 ce ko'ina. In an kankare, za ka ga ta ragu a inda sunan yake, wato rabin ƙasa, ta yi ɗan kama da ƙwai. Ka kwantar da ita ka dubi ɗan tudun da ya zagaye fuskarta: a sama kusa da marataya zai yi kauri, ya riƙa sirancewa yana gangarowa. Ka karkata gefen a hasken taga. Gefen asali a miƙe yake da kusurwa mai kaifi, wanda aka kankare yakan yi doro, wani lokaci ka hango inuwar tsofaffin haruffa a ƙarƙashin sababbi.

Sannan haruffan kansu. A waɗannan lambobi da inji aka danna su, ba karta su aka yi da hannu ba. Harafin da aka danna yana ture ƙarfe gefe, zurfinsa ɗaya, ƙasansa sumul. Wanda aka karta da kurfi yana cire ƙarfe, ƙasansa kamar kwari mai tsini, bakin layinsa yana sirancewa. Na'urar zamani mai juyawa kuma takan bar ƙananan zobba a cikin harafin, madubi zai nuna maka su.

Akwai abin da bai kamata ka ɗauka ha'inci ba. Ofishin lambobi da kansa yakan gyara kuskuren harafi ɗaya ko biyu, kuma yakan sake ba da lamba ga iyalin da tasu ta ɓace, da salon haruffa na shekarun da suka biyo baya. Irin wannan yakan bayyana a katin WO 372. Yana rage daraja kaɗan, amma halal ne. Haka kuma muƙami na iya bambanta tsakanin tauraro da sauran biyun, misali kofur a tauraro, laftana a ta azurfa, domin tauraro yana ɗauke da muƙamin da mutum ya sauka fagen yaƙi da shi. Wannan ma alama ce mai kyau, ta wanda ya taso daga ƙasa ya zama hafsa.

Wadda ta fi wuyar sha'ani ita ce Military Cross, lambar jarumta mai siffar gicciye, da aka ƙirƙiro a Disamba 1914 don ƙananan hafsoshi. Ba suna ake ba da ita. Iyalai da yawa sun kai wa maƙerin azurfa ya karta suna a baya, don haka kartaccen suna a jikinta ba laifi ba ne, ba kuma hujja ba ne. Kowa na iya sayen guda ya jingina ta da lambobi uku. London Gazette za ta nuna ko an ba mutumin, amma ba za ta nuna wannan gicciyen da ke hannunka shi ne nasa ba. Abin da ke nuna hakan shi ne tarihin hannun da kayan suka bi: tsohon kundin gwanjo, wasiƙar iyali, akwatin asali, da yadda tsufan ƙarfe da koɗewar ƙyalle suka yi daidai da na sauran.

Faifan tagullar nan fa? Na ga wani ba shi da muƙami ko rajimanti. (Wata mai karatu, Yamai)

Hajiya, babu wanda ke da su. Da gangan aka bar suna kawai, don kada a bambanta janar da farabiti a mutuwa. Faɗinsa kimanin santimita 12, kamar murfin ƙaramar samira, nauyinsa kusan sulusin kilo. Edward Carter Preston na Liverpool ne ya zana shi, kuma haruffan sunansa, E.CR.P., suna kusa da ƙafar zaki ta gaba. An yi kimanin 1,355,000, waɗanda suka ci tan 450 na tagulla. An fara zuba su a masana'antar Acton a 1919, aka mayar da aikin ta Woolwich a ƙarshen 1920, duka a Landan. Na Woolwich suna da tambarin W da A a haɗe cikin da'ira a baya, da 'yar lamba tsakanin wutsiyar zaki da ƙafarsa ta baya. A na Acton lambar tana wajen ƙafar, bayan kuma babu wannan tambari.

Sunan tare da faifan aka zubo shi, haruffan a tashe suke cikin ɗan akwati. In kika ga suna a karce, ko launin cikin akwatin ya bambanta da na sauran faifan, ko alamar dalma a gefensa, an yi masa aiki. Kwafin da aka zuba daga na asali yakan ɗan fi ƙanƙanta domin ƙarfe na tsukewa idan ya huce, gashin zakin ya dushe, fuskar ta yi ƙananan ramuka.

Matsalar da ta fi jabu yawa ita ce takwara. Ki shigar da cikakken sunan a rajistar hukumar kaburbura. Idan mutum ɗaya ne ya fito, faifan nasa ne. Idan bakwai suka fito, ɗaya hafsa shida farabiti, dillali zai rantse na hafsan ne, kuma babu hanyar tabbatarwa sai in faifan ya zo da takardar girmamawa ko ambulan mai adireshi. Ki biya kuɗin farabiti a irin wannan hali. Huda da aka yi don ratayewa a bango, da gogewar da ta cinye fuskar zaki, duk suna rage farashi, ko da yake mu ba ma ganin gogewar a matsayin aibi sosai, tunda yawanci hannun uwa ko matar mamaci ne ya yi ta shekara da shekaru.

Kakanmu ya yi yaƙin Bama, mahaifinsa kuma an ce ya yi na Kamaru. Lambobinsu suna cikin gwangwani, wasu sun yi baƙi, ɗaya ta fara fitar da kore. In goge su da Brasso? (Wani jika, Bauchi)

Kada ka goge, don Allah. Wannan amsa ta shafi duk mai riƙe da irin kayan da muka yi magana a sama, domin sojojin Nigeria Regiment da suka yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916 da na Gabashin Afirka lambobi iri ɗaya aka ba su da na hafsoshin Landan, da suna da lambar soja a jiki. Na Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, irin su Tauraron Bama da aka ba sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, yawanci ba suna, don haka littafin sallama da hoton kakanku sun fi ƙarfen muhimmanci. Ka ajiye su tare.

Man goge ƙarfe yashi ne mai laushi. Kowace gogewa tana cin fuskar lambar da sunan da ke gefe, kuma a Victory Medal tana cire ruwan zinariyar gaba ɗaya, ba ya dawowa. Baƙin da ke kan azurfa ba ya cutar da ita, masu tarawa ma sun fi son sa. Idan datti ne, ka zare ƙyallen in yana zaruwa, ka wanke ƙarfen da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa mara turare, da burushi mai laushi ƙwarai. Ka ɗauraye da ruwan da aka tace na batir, wanda ba a sa wa asid ba, domin ruwan famfo da na rijiya suna barin gishiri. Ka tsane da auduga, ka bar shi ya kwana a wuri busasshe, sannan ka shafa kaki marar asid irin Renaissance Wax, shafa ɗaya siririya.

Koren nan iri biyu ne. Mai duhu, mai santsi, da ya manne, tsufa ne kawai. Mai haske kamar gari, da ke fita in ka taɓa da tsinken sakace, cuta ce: gishiri da danshi ne ke cin tagullar daga ciki, kuma yana ci gaba har ya huda ta. Ka ware wannan lamba daga sauran, ka cire garin a hankali da tsinken itace, ka rufe ta a robar abinci mai murfi mai kama iska tare da ƙullin silika, ƙwayoyin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi ko magani. Ana son danshin cikin robar ya tsaya ƙasa da kashi 40 cikin 100. Da rani wannan ba wuya a arewa, da damina ne sai ka riƙa busar da silikar a tanda mai ɗan zafi kowane wata. In garin ya dawo, aikin ma'aikacin adana kaya na gidan tarihi ne.

Abubuwan da ke ɓata lamba a ajiya: ledar PVC mai laushi, wadda ke fitar da asid ta bar kore mai danƙo, robar ɗaure kuɗi da ƙyallen ulu, masu fitar da sinadarin farar wuta da ke baƙanta azurfa, da gumin hannu. Ka riƙe ta gefe, ko ka sa safar hannu. Kowace lamba a naɗe ta daban a takarda marar asid don kada su gogi juna. Tsohon ƙyalle ko ya yage kada ka yar, ka sa sabo don nuni ka adana na asali. Takardu kuma a shimfiɗe, nesa da rana, ba salatif, kuma kada ka kai su a yi musu laminatin, domin zafi da gam ɗin ba sa fita.

Yahudawan da suka yi wa Jamus yaƙi fa, ana tara nasu? (Wani mai karatu, Kumasi)

Ana tarawa, amma aikin ya sha bamban. Kimanin Yahudawa 100,000 ne suka sa kakin Jamus a wannan yaƙi, wajen 12,000 suka mutu, kuma ƙungiyar tsofaffin sojojinsu ta buga littafin sunayen mamatan a 1932, wanda shi ne madogarar masu bincike. Sai dai lambobin Jamus ba su da suna. Gicciyen Ƙarfe na 1914, lambar jarumta ta Jamus, mai daraja ta biyu, an ba da miliyoyi. Na gaske yawanci guntu uku ne, baƙin ƙarfe a tsakiya da firam biyu na azurfa da aka haɗa, don haka maganaɗisu yakan kama tsakiyarsa, kuma akwai siririn layin haɗi a gefe. Wannan zai nuna maka gicciyen na zamanin ne, ba zai faɗa maka na wane ne ba. Takardar shaidar bayarwa da littafin sojan mutum su ne kayan, gicciyen rakiya ya yi.

A nan akwai tambayar da dole ka yi wa mai sayarwa: ina kayan suke tsakanin 1933 da 1945? Dukiyar iyalan Yahudawa da yawa ƙwace ta aka yi ko aka tilasta musu sayarwa a lokacin mulkin Nazi. Kayan da suka fita tare da iyalin da ya yi hijira zuwa Ingila ko Amurka, jikoki suka sayar, ba su da matsala. Waɗanda suka ɓullo ba wanda ya san daga ina, mu dai ba za mu saya ba.

Shin ya dace a riƙa cinikin kayan mamaci haka? (Wani limami, Sakkwato)

Allah ya gafarta Malam, doka a Birtaniya ta halatta saye da sayarwa, abin da ake ƙyama shi ne mutum ya rataya lambar da ba tasa ba don a ɗauka shi ya yi yaƙin. Yawancin waɗannan hafsoshi sun mutu suna samari ba su bar 'ya'ya ba, kayan suka bi ta hannun ƙanne da 'ya'yan ƙanne har suka kai ga wanda bai san mai su ba, kuma sau da yawa mai tarawa ne ke hana su shiga tukunyar narka. Inda muke ganin laifi shi ne dillalin da ke raba kaya, ya sayar da faifai ga wannan, lambobi ga wancan, hoto da wasiƙu ga na uku, don ribar ta fi yawa. Haɗa su kuma sai an yi shekaru ana cigiya a mujallar ƙungiyar masu binciken lambobi, OMRS, wadda ke aiki tun 1942. Duk wanda ya sayi irin waɗannan kaya ya rubuta inda ya saya, da ranar, da lambar kaya a kundin gwanjo, ya haɗa da kwafin duk takardun da ya tono, ya sa a akwati ɗaya da lambobin. In wani daga zuriyar mamacin ya neme shi, ya ba shi hotuna da kwafin binciken kyauta, kuma in ya tashi sayarwa ya fara yi masa tayi kafin ya kai gwanjo.